Wa ke raya tsarin fayil na filash, kuma ɗan koyo na da gurbi a ciki?

Tambaya: Malam, ina koyon haɗa ƙananan na'urori masu aiki da Linux. Na ga tsare-tsaren adana fayil na filash (ma'ajiyar da ke riƙe bayanai ko an kashe wuta) kala-kala, su JFFS2, UBIFS da YAFFS, kuma kowa na iya buɗe lambobinsu, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, ya duba. Ta yaya irin wannan aiki ke ci gaba alhali ba shi da maigida ɗaya? Ɗan koyo irina yana da abin da zai tsinana?

Amsa: Kana da shi, amma sai ka fara sanin halin filash ɗin, don daga nan duk wahalar take. A nau'in filash da ake kira NAND ba a rubuta sabo a kan tsoho, sai an goge tukuna. Rubutu shafi-shafi ake yi, misali kilobait 2, amma gogewa sai bulo guda, wato tarin shafuka, wanda kan kai kilobait 128. Kowane bulo kuma yana da iyakar gogewar da zai iya jurewa kafin ya mutu. Dole ke nan tsarin fayil ya riƙa rarraba rubutu don kada bulo ɗaya ya sha wuya shi kaɗai, ya kwashe tarkacen da suka tsufa, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, kada kayan mutane su salwanta.

Duk ci gaban da aka samu, tura ce ta kai bango. Kamfanin Axis Communications na Suwidin ne ya fitar da JFFS a 1999, sai David Woodhouse na Red Hat ya sake gina shi ya zama JFFS2 a 2001. Aibinsa ɗaya: duk lokacin da aka kunna na'ura sai ya bi filash ɗin kaf yana karantawa kafin ya san inda kowane fayil yake. Da ma'ajiyar 'yan megabait ce, ba wanda ya damu. Da ta girma, jira ya yi yawa, ƙwaƙwalwar na'ura ma ta soma cika. Injiniyoyin Nokia tare da Jami'ar Szeged ta Hungari suka kawo UBIFS, wanda ya shiga Linux 2.6.27 a 2008. Dabararsu ita ce raba aiki: wani sashe mai suna UBI a ƙasa yana kula da gajiyar bulo da matattun bulo, UBIFS a sama yana ajiye jadawalin fayiloli a cikin filash ɗin kansa.

Labarin da na fi so ka riƙe shi ne na LogFS, wani tsarin fayil na filash. Tunanin da ke cikinsa mai kyau ne, ya shiga Linux a 2010, amma aka cire shi a fitowar 4.10 saboda an rasa mai kula da shi. Ba wani kamfani ne ya murƙushe shi ba. Rahoton matsala ya riƙa zuwa babu mai amsawa, shi ke nan.

To, ga gurbinka. Masu rubuta lambobi ba su da kowane irin guntun filash a hannu, kai kuwa kana da naka. Haɗa allon na'urarka, mai ɗauke da guntun filash ɗin, da makunni mai yanke wuta da kansa, ka sa wata 'yar manhaja ta riƙa rubuta fayil, wuta na ɗaukewa tana dawowa, dare guda cur. Da safe ka duba: ya tashi lafiya sau nawa, a zagaye na nawa ya ƙi buɗewa? In ba ka da allo, akwai manhajar nandsim a cikin Linux, tana kwaikwayon NAND a ƙwaƙwalwar kwamfutarka.

In ka ci karo da matsala, kada ka rubuta "ya lalace" ka tsaya. Faɗi fitowar Linux ɗinka, samfurin guntun, girman shafi da na bulo, saƙonnin da dmesg (umarnin da ke nuna rahoton Linux kan abin da ke faruwa a na'ura) ya fitar, da matakan da wani zai bi ya ga abin da ka gani. In kuma ka kai ga aika gyara, yi shi ƙarami, abu ɗaya tak, ka bayyana dalili. Za a iya dawo maka da shi sau biyu ko uku. Gyara ka sake turawa.