Tambaya da Amsa: Da jika 80, wace lektar CD zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya a Tawa. Ina da faya-fayan CD cike da kwali biyu: karatun Alƙur'ani, wa'azi, kiɗan molo da gurmi, waƙoƙin Adar, da wasu da ɗana ya kawo mini daga Faransa. Rediyon da nake sa su ya mutu. Yara sun ce in bari a zuba mini komai cikin waya, amma sautin waya ba ya gamsar da kunnena. Na ware jika 80, wato sefa dubu 80. Wace lektar zan saya da za ta ba ni sauti mai daɗi a ɗaki? Na ga wata sabuwa a kasuwa, an rubuta wat 5000 a jikin kwalinta.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kunnenka bai yi ƙarya ba, kuma kada ka bari a raba ka da faya-fayanka.

Amma kada jika 80 ɗin nan ta ƙare a kan lektar. Kashi ɗaya cikin huɗu ya ishe ta, in ya yi yawa kashi ɗaya cikin uku. Sauran kuɗin na lasifika ne da ampili, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Dalili kuwa, tun 1982 da kamfanonin Sony da Philips suka fito da CD, tsarin rubutunsa bai sauya ba. An auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, an ajiye shi lambobi a jikin faifai mai faɗin santimita 12. Duk lektar da idonta, wato ɗan gilashin da ke karanta faifai da haske, ke da lafiya, lambobin nan za ta karanto, babu ragi babu ƙari. Inda suke ɗan bambanta shi ne wajen mayar da lambobin sauti, kuma bambancin ƙanƙani ne, a ɗakin siminti mai fanka tana juyawa da wuya ka ji shi. Lasifika kuwa, ko jikanka ɗan firamare zai gane mai kyau da marar kyau. Lektar karantawa take yi, lasifika ce ke da murya.

Waccan mai wat 5000, ka bar ta inda ka gan ta. Duba kusa da lambar, za ka ga haruffa huɗu, PMPO, lissafin talla ne kawai. Lambar da ake dogaro da ita ita ce mai RMS, kuma wat 25 zuwa 40 a kowane ɓangare, hagu da dama, ya wadaci falon gida har ya yi yawa. Ɗaga lasifikarta ka ji, za ka same ta sakayau, roba ce ko katako siriri. Irinta ƙugi take yi a ƙasa, ta yi tsiwa a sama, tsakiya kuma babu komai, alhali muryar makaranci da tsirkiyar molo a tsakiyar nan suke zaune.

Ni abin da nake so maka shi ne tsohuwar lektar ta hannu, cikin kayan Turai da ake saukewa, irin waɗanda muke gani a kasuwar Katako nan Yamai: Sony, Philips, Technics, Yamaha, Denon, Pioneer, Marantz. An ƙera su lokacin da CD ne sarkin sauti, da ƙarfe da nauyi. Sababbin Yamaha da Denon da Marantz suna nan ana yi, suna da kyau, sai dai kuɗinsu ya wuce abin da ka ware nesa ba kusa ba.

Kafin ka fita kasuwa, zauna ka tantance kwalayenka biyu, don nan ne mutane da yawa ke tafka asara. Ba kowane faifai mai sheƙi ne CD na sauti ba. CD na asali bai cika wuce minti 80 ba, kuma yawanci akwai tambarin Compact Disc Digital Audio a jikinsa ko a gidansa. In ka ga faifai ɗaya ya ɗauki surori masu yawa ko waƙa 100, MP3 ne. In kana ganin hoto idan an sa shi a talabijin, VCD ne ko DVD, kuma yawancin waƙoƙinmu da aka riƙa sayarwa a kasuwa a haka suka zo. Tsohuwar lektar ta shekarun 1990 ba ta karanta MP3, ba ta karanta VCD, da yawansu ma ba su san CD-RW ba, wato faifan kwafi da ake iya gogewa a sake rubutawa. Idan rabin kayanka irin waɗannan ne, to lektar DVD ta kamfani sananne za ka nema, ita tana cin kusan duka. Sautinta ba abin rainawa ba ne. Aibinta jinkirin buɗe faifai, wata kuma sai da talabijin kake ganin inda kake, don haka ka zaɓi mai ɗan allo a gaba da ke nuna lambar waƙa.

Ranar ciniki ka tafi da faifai uku naka: na asali ɗaya, na kwafi ɗaya, da wanda ya ɗan karce. Kada ka yarda da faifan mai shago, ya san wanda na'urarsa ke so. Fara juya ta ka karanta bayanta. Wutarmu 220 ce, mai 220 zuwa 240 ita ce taka. In ka ga 120, ta Amurka ce, in 100 ce ta Japan, kana sa ta a wuta kai tsaye za ta ƙone. Sai ka buɗe tire ka rufe sau da yawa. In yana tsayawa a hanya sai an tura shi da yatsa, bel ɗin roba ne ya saki, ƙaramin gyara ne, ya zama dalilin rage kuɗi. Sa faifai ka saurara. Lafiyayyen ido cikin 'yan daƙiƙu yake nuna yawan waƙoƙi. In tana ta juyi tana ƙit-ƙit tana nema, idon ya gaji. Daga nan tsallaka zuwa waƙar ƙarshe. CD daga tsakiya ake karanto shi zuwa baki, kuma a bakin nan ne gajiyayyar na'ura ke tona kanta. Bar ta ta yi kiɗa minti 20, don wata matsalar sai jiki ya yi ɗumi take fitowa. Ɗan ƙwanƙwasa samanta da yatsa a hankali, bai kamata ta yi tsalle ba. Ka tabbata hagu da dama duka suna magana. In mai shago ya ƙosa da kai, yi masa sallama ka ƙara gaba.

Akwai wata dabara da nake so ka sani, don tana ɓata mini rai. A jikin idon akwai ɗan abin murɗawa da ke ƙara masa wuta. Wasu kan murɗa shi don idon da ya kusa mutuwa ya yi karatu ranar ciniki, bayan 'yan makonni ya mutu gaba ɗaya. Ba za ka gane da kallo ba. Maganinta ka saya wurin wanda ke da shago tsayayye, ku yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida. In da hali, ka tambayi mai gyara ko ana samun idon wannan samfurin. Na Sony irin KSS-213 an sa shi a na'urori da yawa, shi ya sa samunsa bai cika wuya ba.

Lasifika ka nemi biyu masu akwatin katako mai nauyi. Cire rigar gabansu ka dubi zoben da ya kewaye takardar, in na soso ne zafinmu yana cinye shi, kana taɓawa ya marmashe. Na roba ko na ƙyalle ya fi jure mana. A gida ka raba su kamar mita 2, daidai tsayin kunnenka in kana zaune, ka ɗan janye su daga bango. Shimfiɗa darduma ko tabarma mai kauri, ka sa labule. Wayar ja da fari da ke fitowa daga lektar ka sa ta a ramin CD ko AUX na ampili, ban da PHONO, wannan na garmaho ne, sauti zai fashe. Wayoyi masu tsada ba ka bukatarsu.

Ka cire wani abu cikin kuɗin ka sayi regilatar mai daidaita wuta, kuma in an ɗauke wuta ka zare filogi sai ta dawo ta zauna. Sai ƙura. Duk bayan hunturu ana kawo mini lektar da aka ce ta mutu, in na buɗe sai in tarar da jan gari kwance a kan ido, ɗan gilashin da bai kai ƙwayar wake ba, man da ke kan sandar da yake tafiya a kai kuma ya daskare ya zama taɓo. Gogewa da sabon mai kaɗan, sai ta tashi. A Tawa iskar ta fi ta nan, don haka ka sa a ɗinka mata riga, kada a bar tire a buɗe, kada kuma a ɗora ta a kan ampili don zafinsa yana hawa sama.

Maganar yaranka ma akwai gaskiya a ciki. Faifan kwafi ba ya daɗewa kamar na asali, zafi na kashe shi. Waɗanda ba za ka sake samun irinsu ba, musamman na makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya, a kwafe maka su a kwamfuta a tsarin WAV ko FLAC, wanda ba ya rage komai daga sautin, a ajiye wuri biyu.

TAMBAYA: Faifan karatun da mahaifiyata ke so yana tsalle a wuri ɗaya kullum. Ko lektar ce ta lalace? Daga wata 'yar'uwa a unguwar Bukoki, Yamai.

AMSA: 'Yar'uwa, tunda wuri ɗaya ne kullum, laifin faifan ne. Wanke shi da ruwa da ɗigon sabulun ruwa, ki goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada ki bi zagaye. Sai ki ɗaga shi wajen haske. In kin ga haske na ratsowa ta wani ɗan rami ko layi, to gefen rubutu ne ya karce, kuma sautin a ƙarƙashin rubutun nan yake kwance, wannan ba ya gyaruwa. In karcen a gefe mai sheƙi yake, kai shi wurin mai kwamfuta ya gwada kwafe shi a sabon faifai, sau da yawa kwamfuta tana iya karanta wurin da lektar ta kasa. A gaida Hajiya.