Niƙabi a Faransa: Wai Tarar Yuro 150 Ce Kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya lauya. Ni 'yar Maraɗi ce, wata biyar ke nan da na tare wurin maigidana a wajen birnin Lyon ta hanyar takardar haɗa iyali. Tun ina budurwa nake sa niƙabi. Tun zuwana ban cika fita ba saboda tsoro. Wasu matan namu sun ce mini dokar hana niƙabi siyasa ce kawai, sai zaɓe ya ƙarato ake tayar da ita, in ma an kama mutum tarar Yuro 150 ce, har akwai wani attajiri da yake biya wa mata. Wasu kuma sun ce hijabin ma an hana shi gaba ɗaya. Maigida ya ce in ci gaba da sawa, in an ci tara zai biya. Ga takarda ta zo daga OFII, hukumar kula da shige da fice da sajewar baƙi, suna nemana, ban je ba. Wallahi raina bai kwanta ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Rashin kwanciyar ranki yana kan hanya, domin abin da aka faɗa miki rabinsa gaskiya ne, kuma rabin da aka ɓoye shi ne mai cutarwa.

Bari in fara sauke miki nauyi ɗaya. Ba a hana hijabi a titunan Faransa ba. Kina da damar rufe kanki, wuyanki da jikinki duka, ki shiga bas, ki je kasuwa, ki je asibiti, ki shiga jami'a, ki kai yaro ƙofar makaranta. Dokar 15 ga Maris 2004 ɗaliban makarantun gwamnati na firamare da sakandare ta shafa, kuma a kanta aka jingina hana abaya a waɗannan makarantu a 2023. Ma'aikatan gwamnati ma ba sa sa alamar addini a bakin aiki. Ke ba ɗaliba ba ce, ba ma'aikaciyar gwamnati ba. Duk wanda ya kore ki daga shago ko banki saboda ɗankwali ko hijabi, fuskarki a buɗe, shi ne ya karya doka, kuma akwai hukumar kare haƙƙin jama'a, Défenseur des droits, da ake kai wa irin wannan ƙara kyauta.

Rufe fuska kuwa wani abu ne daban. Dokar 11 ga Oktoba 2010, wadda ta fara aiki 11 ga Afrilu 2011, ta hana shi a titi, a motocin haya na jama'a, a shaguna, a ofisoshin gwamnati da duk inda jama'a ke shiga. A cikin gidanki da cikin masallaci ba ruwan kowa da ke. Hukuncin, kamar yadda aka faɗa miki, tara ce da ba ta wuce Yuro 150, ko a tura mace kwas na sanin haƙƙin ɗan ƙasa, ko a haɗa mata biyun.

To, a nan ne nake son ki ba ni hankalinki, domin wannan magana ta "tara ce kawai, a biya a wuce" na gaji da jin ta. Kusan kullum sai an shigo mini ofis da ita, kuma sau da yawa bayan aikin gama ya gama. Masu yaɗa ta kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke riƙe da fasfon Faransa, an haife su a nan, ba wanda zai iya hana su zama. Akwai kuma waɗanda ke zaune a gida, ba su taɓa tsayuwa a layin ofishin farfe, inda ake ba baƙi katin zama, da asubar sanyi ba, riƙe da jakar takardu, suna jiran a kira lambarsu. Dukansu ba abin da za su rasa. Ke kuwa zamanki a ƙasar nan a kan katin da ake sabuntawa yake, kuma katin nan ta hanyar aurenki kika same shi. Ba ki shawarar ki gwada ƙarfi da doka ingiza mai kantu ruwa ne.

Ba zan tsorata ki da ƙarya ba: tara guda ba ta ƙwace katin zama da kanta. Amma takardun baƙo ba lissafin tara ba ne. Duk matakin da za ki taka nan gaba, daga katin shekara ɗaya zuwa na shekaru da dama, zuwa na shekara 10, zuwa zama 'yar ƙasa, akwai jami'in da zai zauna ya auna abin da suke kira sajewa da jama'ar ƙasa, kuma doka ta ba shi sarari mai faɗi. Dokar shige da fice ta 26 ga Janairu 2024 ta ƙara ɗaure wannan igiya. Yanzu mai neman katin zama sai ya sa hannu a kan alkawarin mutunta ƙa'idojin Jamhuriya, ciki har da daidaito tsakanin mace da namiji da raba addini da hukuma, kuma ana iya hana sabunta kati ko a janye shi idan hukuma ta ga ana saɓa alkawarin da gangan, ana maimaitawa. Ki yi tunanin matar da aka rubuta sunanta sau uku ko huɗu a kan laifi iri ɗaya. Me kike jin jami'in zai karanta a ciki?

Wannan ba hasashe nake yi ba. A watan Yunin 2008, tun ba a yi dokar niƙabin ba, babbar kotun harkokin mulki, Conseil d'État, ta tabbatar da hana wata 'yar Maroko zama 'yar ƙasa. Mijinta ɗan Faransa ne, 'ya'yanta a nan ta haife su, tana jin Faransanci sosai. Kotun ta ce yadda take gudanar da addininta bai dace da daidaiton mace da namiji ba, kuma niƙabinta yana cikin abin da aka rubuta a rahoton ganawar da aka yi da ita. A 2010 an hana wani namiji zama ɗan ƙasa saboda an ce ya tilasta wa matarsa rufe fuska. A 2018 kotun nan dai ta amince da hana wata 'yar Aljeriya saboda ta ƙi yin musafaha da jami'ai ranar bikin ba da takardar zama 'yan ƙasa. Ko ɗaya daga cikin mutanen nan Yuro 150 ba ta fanshe shi ba.

Sannan su masu cewa a biya a wuce ba sa gaya miki yadda ake kaiwa ga tarar. Ɗan sanda zai tsayar da ke a bainar jama'a, ya ce ki buɗe fuska ya haɗa da hoton katinki. Ba shi da ikon fizge niƙabin da hannunsa, wannan gaskiya ne. Amma in kin ƙi, yana da ikon tafiya da ke caji ofis don tantance ko wace ce ke, har tsawon awa 4. Ga ki ba ki jin yaren sosai, ga maigida a gefe ransa ya ɓaci, mutane sun taru suna ɗaukar hoto da waya. Kalma ɗaya mai zafi ko tura hannu ɗaya ya isa maganar ta tashi daga ƙaramin laifi ta koma zagin jami'i ko yi masa turjiya, waɗanda manyan laifuka ne da ke shiga kundin mutum. Haka aka yi a garin Trappes da ke kusa da Paris a watan Yulin 2013. Daga binciken mace ɗaya mai niƙabi aka kwana ana tarzoma a unguwa, daga baya ita da mijinta suka gurfana a kotu aka yanke musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka.

Attajirin da aka ba ki labari kuwa, Rachid Nekkaz ake nufi, kuma da gaske ya biya wa mata da yawa tara a shekarun farko na dokar. Amma kuɗi ya biya, bai goge sunan kowa daga takardar 'yan sanda ba, kuma tuni aka gyara doka don hana mutum shelanta cewa zai riƙa biya wa jama'a tara. Har yau ana yawo da labarinsa a tsakanin mata kamar wani inshora. Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne masu sayar da takardar likita ta bogi, wai a nuna wa ɗan sanda a ce rashin lafiya ce ta sa aka rufe fuska. Eh, dokar ta keɓe dalilin lafiya, shi ya sa takunkumin asibiti bai zama laifi ba lokacin korona. Amma takardar jabu laifi ce da ke kai mutum gidan yari, kuma ita kam tana iya cinye katin zama ɗungurungum. Kada ki karɓa, ko kyauta aka ba ki.

Batun cewa siyasa ce, ban musa ba. Lokacin da shugaba Nicolas Sarkozy ya tsaya a Versailles a watan Yunin 2009 ya ce ba a maraba da burƙa a Faransa, ƙiyasin ma'aikatar cikin gida ya nuna matan da ke rufe fuska ba su wuce kusan 2,000 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 60. A ganina an yi wa tsirarun mata doka ne don a aika saƙo ga masu jefa ƙuri'a, kuma matan da aka ce za a 'yanta, da yawansu kulle su aka yi a ɗaki, kamar yadda ke ma kike a kulle yanzu. Wannan ra'ayina ne, kuma ina faɗar sa a duk inda na samu dama. Sai dai kuskure ne babba a ɗauka abin da siyasa ta haifa zai mutu bayan zaɓe. Majalisar dokoki ta amince da dokar da ƙuri'a 335, ɗaya tak ta ƙi. A majalisar dattawa 246 ne da ɗaya. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan Faransa ranar 1 ga Yuli 2014, da hujjar kare zaman tare. Kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2018 an tauye wa mata biyu haƙƙi, amma ra'ayinsa ba ya ɗaure gwamnati, kuma ba a canza ko harafi ɗaya ba. Gwamnatin dama ta wuce, ta hagu ta zo ta wuce, ta Macron ta zo, dokar tana nan. Muhawarar ma gaba take yi: a zaɓen 2022 Marine Le Pen ta yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin hana hijabin kansa a titi, ta kuma samu sama da kashi 41 cikin ɗari a zagaye na biyu. Ƙetara iyaka ma ba mafita ba ce, domin Beljiyam ta hana tun 2011, Ostiriya 2017, Denmark 2018, Suwizalan kuma ta amince da hanin a ƙuri'ar raba gardama a 2021. Mu ma a gida mun ga irinsa a 2015, a Chadi da arewa mai nisa ta Kamaru da jihar Diffa, ko da yake can hare-haren ƙunar baƙin wake ne dalili.

Hukuncin addini na malamai ne, kuma ki tambayi wanda ya san halin ƙasar da kike ciki. Abin da ke sananne shi ne malamai sun yi saɓani a kan wajabcin rufe fuska, kuma mashahurin zance a mazhabar Malikiyya da aka rene mu a kai shi ne fuska da tafin hannu ba al'aura ba ne. Na san wannan ba zai rage miki zafin fita da fuska a buɗe ba bayan shekaru kina rufewa. Matan da suka zauna a gabana suka yi kuka a kan wannan ba wasa suke yi da addininsu ba, kuma ba na yi musu kallon masu taurin kai.

Abin da ya fi gaggawa a wasiƙarki shi ne takardar OFII da kika ajiye. Wannan kiran shi ne ƙofar yarjejeniyar sajewa da ake sa hannu a kai, inda za a gwada Faransancinki, a ba ki darussan yare kyauta da horon sanin ƙasa na kwana 4. Rashin zuwa ba tare da uzuri ba ana rubuta shi, kuma yana hana samun kati mai dogon wa'adi, balle yanzu da aka ɗaga matakin yaren da ake nema. Ki ɗauko takardar yau, ki duba adireshi da lambar da ke kanta, a rubuta musu a nemi sabuwar rana, ki ajiye kwafin abin da kika aika. Ki sani kuma hoton katin zama sai da kai a buɗe ake ɗaukarsa, don kada abin ya zo miki ba shiri. Idan kina son wanda zai duba takardunki kyauta, ƙungiyar La Cimade tana da ofis a Lyon.

Maigida kuma, don Allah a karanta masa wannan. Malam, na yarda kishin addini da kishin iyali ne suka sa ka ce za ka biya. Amma dokar nan tana da sashe na biyu da ba a cika ambata ba: duk wanda aka samu ya tilasta wa mace rufe fuska ta hanyar barazana, ƙarfi ko amfani da iko a kanta, hukuncinsa ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 30,000, in yarinya ce ƙarama a ninka. Ranar da ɗan sanda ya tambayi matarka dalili, ta amsa da ɗan Faransancin da take da shi cewa mijina ne ya ce in sa, kai za a waiwaya, kuma naka katin ma ya shiga magana. Kai ka kawo ta ƙasar da ba ta da uwa ba ta da uba, amanarta tana wuyanka. Wata biyar tana zaune a ɗaki, ba ta san hanyar asibiti ba, ba za ta iya kiran motar agaji ba in wani abu ya same ka da dare. Ka nemi izini a wurin aiki, ka raka ta OFII da kanka, ka kuma bar ta ta halarci darussan nan har ƙarshe.