Hukuncin barin yara su kalli finafinan ƙasashen waje na abota da kasada

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, babban shekararsa 12, mai bi masa 8, autan kuma 4. Suna matuƙar son finafinan yara na ƙasashen waje, galibi katun, irin waɗanda abokai ke fita duniya su sha wuya tare sannan su dawo gida. Wasu a tashoshin dish muke kamawa, wasu kuma babban ne ke kai waya a tura masa. Kwanan baya wan mijina ya zo ya tarar suna kallo, ya ce haramun ne, domin hoto ne, kuma labarin ƙarya ne tunda dabba ba ta magana. Ni kuwa ina ganin har wani abin kirki suke koya. Malam, mene ne hukunci? In hana su ne gaba ɗaya?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya shirya miki zuriya, 'yar'uwa, ya saka miki da alheri da kika tambaya.

Kallon irin waɗannan finafinai halal ne a asalinsa, hukuncin kowane fim kuma yana bin abin da ke cikinsa. Sai dai akwai sharaɗin da ba zan sassauta miki a kansa ba: ke ko mahaifinsu, wani ya san abin da ke cikin fim kafin yaro ya zauna gabansa.

Bari mu fara da hujjojin wan mijinki, domin bai faɗi abin da ba shi da tushe ba. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim, kuma akwai manyan malamai, irin su Imamu Nawawi, da suka haramta zana duk abu mai rai. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun bambance. Abin da suka haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa, cikakkiyar surar abu mai rai da aka sassaƙa ko aka ƙera. Zanen da ke shimfiɗe, iyakarsa karhanci. Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala cewa an karhanta surori a jikin gado da bango da zobe, zanen da ke jikin tufa ba ya cikin wannan, amma barinsa ya fi. Hoton talabijin ma bai kai na bango ba, domin ba a rataye shi, ba a girmama shi, kuma da an kashe ya ɓace.

Sannan Shari'a ta yi wa yara rangwamen da ba ta yi wa manya ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Haibara, iska ta ɗaga labulen ma'ajiyar Nana A'isha, sai ga 'yan tsanarta. A tsakiyarsu ya ga doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya ce, mene ne wannan? Ta ce doki ne. Ya ce, wannan na jikinsa fa? Ta ce fukafukai ne. Ya ce, doki da fukafukai? Ta ce, ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Sai ya yi dariya har ta ga turamen haƙoransa. Ki dubi wannan da kyau: sura ce mai inuwa, ta abin da ido bai taɓa gani ba, a ɗakin Annabi, kuma bai ce a jefar ba. Haka Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labari cewa sukan yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar Ashura, idan yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa har rana ta faɗi.

Batun ƙarya ya fi sauƙi. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka yake ba domin mai ji ya ɗauka haka ne. Labarin da kowa ya san ƙirƙira ce, misali ne. Ibnul Muƙaffa ya mayar da Kalila wa Dimna Larabci tun ƙarni na 8, dabbobi ne ke magana a cikinsa, asalinsa ma daga Indiya. Maƙamatul Hariri ƙagaggun labarai ne, kuma malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da shi. Mu kanmu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi muka tashi. Kasancewar labari daga wata al'umma ma ba aibi ba ne a kan kansa, tunda an yi izinin ba da labari daga Bani Isra'ila matuƙar bai ci karo da abin da aka saukar mana ba.

Abota da tafiyar kasada kuwa, Alƙur'ani cike yake da su. Samarin kogo da suka gudu tare da imaninsu, Annabi Musa da yaronsa a kan hanyar mahaɗar tekuna biyu, Zulƙarnaini da ya kai mafaɗar rana da mafitarta, duk a Suratul Kahfi. Ga kuma kogon Sauru, inda Annabi yake ce wa abokinsa kada ka yi baƙin ciki, Allah yana tare da mu. Yaron da zuciyarsa ke tsalle idan ya ga abokai sun ƙi yasar da juna a cikin wuya, fiɗirarsa ce ke aiki, kuma abin farin ciki ne.

Abin da ke damuna ni, wan mijinki bai ambace shi ba. Manzon Allah ya ce mutum yana kan addinin abokinsa, don haka kowa ya dubi wanda yake abota da shi. Idan wani yaro ya zo ƙofar gida yana kiran ɗanki, ai sai kin tambayi ɗan gidan wane ne kafin ki bar su su fita. To jarumin fim ɗin da ɗanki ke maimaitawa har ya haddace maganarsa, yana kwaikwayon tafiyarsa, yana neman a saya masa jaka mai hotonsa, ya riga ya zama abokinsa, kuma ya shigo har tsakar ɗaki ba wanda ya tambayi asalinsa. Yaro ba ya muhawara da wanda yake so. Abin da ya faɗa, ya zauna.

Waɗanda suka shirya finafinan nan suna da nasu imani game da mutuwa da halitta da gaibu, kuma yana fitowa ne daidai wurin da labari ya fi taɓa zuciya. A The Lion King na 1994, uba yana kwance da ɗansa a cikin ciyawa da dare, yana nuna masa taurari yana ce masa manyan sarakunan da suka shuɗe suna kallonsu daga can, kuma za su riƙa yi masa jagora. Daga baya uban ya mutu, ya bayyana wa ɗan a cikin gajimare. Coco na 2017 an gina shi ne kacokan a kan bikin ranar matattu na ƙasar Meziko, inda ake nuna mamaci yana tsallako gada ya ziyarci danginsa idan sun kafa hotonsa, kuma yana ɓacewa har abada ranar da mai rai na ƙarshe ya manta da shi. A Moana na 2016, abokin tafiyar yarinyar ana kiransa rabin abin bauta, yana alfahari cewa shi ya jawo tsibirai daga teku, shi ya ɗaure rana. Ga mai shekara 40 wannan al'adar wasu mutane ce da yake kallo daga nesa. Ga mai shekara 4 da bai gama sanin kabari da tashin ƙiyama ba, wannan shi ne darasinsa na farko a kan inda kakarsa ta tafi. A nan nake jin tsoro, kuma a nan nake roƙonki ki sa ido.

Kada ki dogara da alamar shekaru da ake sa wa fim. Tsarin Amurka, wanda aka fara a 1968, yana auna tsiraici ne da zagi da zubar da jini da abin tsoro, gwargwadon abin da iyayen can za su lamunta. Ba ya auna tauhidi. The Lion King yana da alamar G, wato kowa da kowa. Fim ɗin Lightyear na 2022 yana da alamar PG a can, wato a kalla da kulawar iyaye, amma ƙasashe fiye da goma, ciki har da Saudiyya da Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ba su bari an nuna shi a silima ba saboda sumbata tsakanin mata biyu da aka nuna a matsayin ma'aurata. Haka kuma ba kowane katun ne na yara ba, akwai waɗanda don manya aka yi su, a Amurka da Japan. Mai tura fim a kasuwa ba ya tantancewa, cika memori kawai yake yi. Don haka kai waya a tura wa ɗan shekara 12 abin da ba ku gani ba, wannan ki tsayar da shi daga yau.

Akwai wani salo kuma da yake yawan maimaituwa: yaro ya saɓa wa iyayensa, ya fice, ya yi nasara, a ƙarshe iyayen ne ke ba shi haƙuri. Sau ɗaya ba komai ba ne, iyaye ma suna kuskure. Amma idan shi ne abincin yaro kullum, zai tashi da ganin cewa jarumta ita ce ƙin jin magana.

Saboda haka ga yadda hukuncin yake. Fim ɗin da ginshiƙinsa bautar wanin Allah ne, ko kiran matattu da aljanu don neman taimako, ko ƙawata sihiri har yaro ya yi sha'awar koyonsa, ko tsiraici da alfasha, bai halatta ki kunna wa yaro ba, ko da akwai darasin abota a ciki, domin kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Amma ki bambance shi da kifi mai magana ko mota mai dariya, wannan dokin Nana A'isha ne. Fim ɗin da gangar jikinsa lafiya lau ce sai wuri ɗaya ko biyu, ƙananan a tsallake musu wurin. Babban kuwa, na fi son ki zauna da shi, ki tsayar da fim ɗin ki tambaye shi: mu me muka yi imani da shi game da wanda ya rasu? Ki bar shi ya amsa da bakinsa. Zai haɗu da irin wannan a wayar abokansa ko kin so ko ba ki so ba, gara ya fara haɗuwa da shi kina kusa. Wanda kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, halal ne, har za ki iya samun lada idan kin yi niyyar faranta musu da tsare su daga yawon banza. Annabi da kansa ya tsaya yana kāre Nana A'isha da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci, har sai da ita ta gaji.

Kuma masu kyau suna nan, duniya ba Amurka kaɗai ba ce. Akwai fim ɗin Iran na 1997, Children of Heaven, na mutane ne, ba katun ba. Yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka ɓoye wa iyayensu don sun san babu kuɗin sabo, suka riƙa karɓa-karɓa da nasa: ita ta je makarantar safe ta sheƙo a guje, shi ya karɓa a lungu ya ruga tasa. A wani wuri uban yana fasa sukarin masallaci, aka kawo masa shayi, ya ƙi ɗaukar ko ƙwaya ɗaya domin amana ce. Daga baya yaron ya shiga tseren gudu yana fatan ya zo na uku, saboda kyautar na uku takalmi ce. Irin wannan ki tara su ku kalla tare.

Game da kiɗa, mafi yawan malamai, har da mashahurin zance a mazhabarmu, suna hana kayan kiɗa in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki, wasu kuma kamar Ibnu Hazmi sun halatta. Ina bin na farko. Wurin da aka tsaya waƙa da rawa zalla, a rage murya ko a wuce. Ɗan sautin da ke bin labari a ƙasa, wanda ba shi aka zauna saurare ba, ina fatan babu laifi a kansa.

Halal ɗin nan yana iya komawa abin hani ta hanyar lokaci. An umarce mu mu sa yara salla tun suna shekara 7, don haka manyan biyu, da an kira salla a kashe, kuma kada kallo ya ci Islamiyya ko barci. Autan kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana, ƙasa da haka ya fi. Na ga dacewar ki yi aiki da wannan, domin jikinsa ma amana ce a hannunki.

Abin da suka riga suka kalla, babu zunubi a kansu, an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga. Wan mijinki kuma kada ki yi jayayya da shi a gaban yara. Kishin addini ne ya sa shi magana, kuma yana da malaman da suka gabace shi a fahimtarsa. Ki nuna wa maigidanki wannan amsa, ku tsara ƙa'idar gidan tare, shi ya yi wa yayansa bayani cikin ladabi. Idan yaran sun je gidan wan mijin naki, su bi dokar gidansa.

Wallahu a'alam.