Amsa ga 'yar uwar da ta tsinto kyanwa da 'ya'yanta

'Yar uwa, ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce kin tsinto kyanwa da 'ya'ya huɗu a kango, kin kawo su gida, amma uwar ta ƙi cin abinci, sai kwashe su take yi daga wannan lungu zuwa wancan. Wallahi haka tawa ta yi min hunturun bara.

Tsoro ne kawai, wurin bai kwanta mata ba. Sau uku tawa tana ɗaukar su a wuya daga kwalin da na shimfiɗa mata zuwa bayan buhun gawayi, har na haƙura na bi ta can da tsumman. Ki bar mata inda ta zaɓa, ki hana yara leƙe, ki ajiye ruwa da kifi ko naman kaza dafaffe marar ƙashi, ki fita. Dare na yi za ta ci. Ban da ragowar miya, albasa da tafarnuwa na lalata musu jini.

Amma abin da nake so ki ji shi ne ki sa ido kan mutanen gidanku. Ni wata mata da muke haya gida ɗaya ce ta cuce ni. Wai kukansu na hana ta barci, wai kyanwa kayan mayu ce. Na tafi suna, ban fi awa uku ba, na dawo na tarar da biyu babu. Ashe a leda ta zuba su, ta ba wani yaro ya kai bola. Kwanansu 12 a duniya, ba su daɗe da buɗe ido ba. Da fitilar waya na yi ta tona shara har bayan magariba, na samo ɗaya, jikinta sanyi ƙalau, bakinta na buɗewa ba sauti. Cikin ruɗewa na dama madarar gari na ɗura mata da sirinji. A cikin zanina ta mutu. Daga baya likitan dabbobi ya ce min ba a ba jaririn da ya sandare abinci sai an ɗumama shi tukuna, kuma madarar shanu gudawa take sa su. Kwana uku uwar na zagaye tsakar gida tana kira. Ita kuwa matar, da safe ta ce min "ina kwana" kamar ba ta yi komai ba, har da tambayar aron turmi. Na tuna mata hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ta ce ita ai ba kullewa ta yi ba. Har yau in na gan ta sai gabana ya faɗi.

Afuwan, na yi nisa. Sanyi shi ne babban makashinsu kafin sati 3, ki sa ruwan ɗumi a gora ki naɗe da tsumma a gefen kwalin. Ko da wasa kada ki ba kyanwa paracetamol, guba ce gare ta. Fiya-fiya ma kada a fesa a ɗakin. Ki riƙa rufe ƙofa saboda muzuru, don tana cikin shayarwa za ta iya ɗaukar wani cikin, kwana 63 zuwa 65 ki ga an ƙaro miki wasu.

Wajen sati 4 za su fara lasar abinci. Masu cewa "a ajiye min ɗaya" su jira sai sati 8, in da hali ma bayan an yi musu maganin tsutsar ciki. Rigakafin haukan kare kuwa sai sun kai wata 3.

Naki sun buɗe ido? Ki faɗa min, daga nan za mu gane kwanakinsu.