Zuwa Maiden Castle da ƙafa daga Dorchester

Malam, ka tambaya ko za a iya zuwa Maiden Castle da ƙafa daga garin Dorchester na Ingila, da abin da za ka tarar a can. Za a iya. Wurin yana kudu maso yammacin garin, tazarar kamar kilomita biyu da rabi, kuma shiga kyauta ne.

Kada ka sa ran ganin gini. Ganuwa ce ta ƙasa da ta kewaye saman wani tudu, hawa-hawa, da ramuka masu zurfi a tsakani. An fara yin ta wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya aka faɗaɗa ta har ta kai hekta 19. Ka fi ba ƙofar yamma lokaci, don nan ne gwanintar take: an murɗa hanyar shiga yadda mai kawo hari sai ya yi ta lanƙwasa, masu majajjawa na jifansa daga sama. A ɓangaren gabas kuma akwai harsashin wurin bautar Romawa na ƙarni na 4 bayan haihuwar Annabi Isa (AS).

Inda mutane ke kuskure shi ne takalmi. Ƙasar alli ce, da an yi ruwa sai santsi, don haka ka sa mai kama ƙasa. Saman tudun iska gare shi, ka tafi da rigar sanyi da ruwan sha. Ka bi hanyar da aka tanada, saukowa ta jikin ganuwar yana zaizaye ta. Tumaki na kiwo a wurin.

Tono ko amfani da na'urar neman ƙarfe laifi ne a doka. In ka tsinci wani abu, ka bar shi inda yake, ka sanar da English Heritage, su ke kula da wurin. In kaska ta cije ka har jan zobe ya fito a fata, ka ga likita.