Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin taswirori da abin da ke binne a ƙasa

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru sosai kan tsohon tarihi, na ɗauko guda uku da naga suna da alaƙa da juna, sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Naga hoton taswirar duniya ta Idrisi a Facebook amma a kife take, Afirka a sama Turai a ƙasa, wai kuskure yayi ne ko masu ɗora hoton ne suka juya ta? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Ɗiyata babu wanda ya juya ta, haka mai ita ya zana ta kuma da gangan. Sharif Idrisi haifaffen Sabta ne a bakin tekun Maroko, wajen shekarar 1100, sai Sarkin Sisili Roja na biyu, wanda Kirista ne, ya gayyace shi fadarsa a Falarmo yace ya haɗa masa bayanin duniya baki ɗaya. Kusan shekara 15 suka yi ana aikin, duk fatake da matafiya da matuƙan jirgin ruwa da suka sauka a tsibirin sai an zaunar da su an yi musu tambayoyi, abin da bakinsu ya zo ɗaya a rubuta, abin da suka saɓa a ajiye gefe, har aka gama a 1154. Littafin shi ne Nuzhatul Mushtaƙ, kuma a cikinsa taswirar ba guda ɗaya bace, gunduwa 70 ce, domin ya raba duniyar da aka sani gida bakwai daga kudu zuwa arewa sannan kowane gida ya yanka shi goma. Wannan doguwar da kika gani mai yawo a intanet wani Bajamushe ne Konrad Miller ya jera gunduwoyin ya haɗe su a shekarun 1920.

Sa kudu a sama kuwa ai ba Idrisi ya fara ba, malaman taswira na Musulmi irinsu Istakhari da Ibn Hauƙal tun ƙarni na 10 haka suke yi, wasu masana na ganin saboda yawancin garuruwan Musulunci na lokacin suna arewa da Makka ne, alƙiblarsu tana kudu. Kiristocin Turai su kuma gabas suke sawa a sama, kamar taswirar cocin Hereford a Ingila ta wajen 1300 wadda ta sa Ƙudus a tsakiyar duniya. Arewa a sama al'ada ce da ta kafu daga baya. Ki juya wayarki kawai zaki ga Bahar Rum da Masar da Andalus sun zauna yadda kika saba ganinsu.

TAMBAYA: Malam ni abin da ke damuna, na duba taswirar nan mai hoton Mansa Musa riƙe da zinariya banga Kano ba banga Katsina ba, abokina yace wannan hujja ce cewa ƙasar Hausa daji ce a lokacin, mun yi musu har ranmu ya ɓaci. Dan Allah ka raba mana gardama. Daga wani malamin firamare a Zariya.

AMSA: Malam ka gaida min abokin naka, amma gaskiya hujjarsa bata tsaya ba. Taswirar da kake nufi an yi ta ne a 1375 a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen ta yau, ana danganta ta ga wani Bayahude mai suna Abraham Cresques, yanzu tana babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris. Mutumin nan bai taɓa tsallake Sahara ba, abin da ya zana labari ne da ya samu daga 'yan kasuwar da ke hulɗa da Maroko da Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, su kuma hanyar da suka sani ita ce ta zinariya, Sijilmasa zuwa Tagaza zuwa Tumbutu da Gawo da Mali, kuma waɗannan sunayen su ne zaka gani a jikinta. Mansa Musa ma ya shiga ne saboda hajjinsa na 1324, zinariyar da ya rabar a Alƙahira ta sa labarinsa ya kai ko'ina. Wanda ayarinsa bai bi ta ƙofar mai zanen ba, bai shiga taswira ba, shi ke nan.

Toh me ke faruwa a wajenmu a lokacin? Bisa lissafin littafin Tarihin Kano, a 1375 Sarki Yaji ne ke kan gado (1349 zuwa 1385), wanda a zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali, ganuwar birnin kuwa tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wato tun kafin Idrisi ya gama nasa aikin. In abokinka yace wannan ai mu muka rubuta wa kanmu, sai ka kawo masa Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan ɗan Maroko, wanda ya sauka a Takadda a 1353, can yankin Agadas, ya rubuta cewa ana ɗaukar jan ƙarfen garin ana kaiwa wata ƙasa Kubar da kuma Barno, Kubar ɗin nan masana da yawa sun tafi a kan Gobir ce. Ba a kai wa daji jan ƙarfe ai, sai inda akwai kasuwa da maƙera da masu kuɗin saya.

Amma hujjar da ta fi burge ni ita ce wadda ta fito daga cikin ƙasa, domin ita ba labarin wani bane. A dutsen Dala an samu alamun narka tama da aka auna shekarunsu zuwa wajen ƙarni na 7. A Durɓi ta Kusheyi, gabas da birnin Katsina, akwai manyan tuddan kaburbura da aka fara tonawa a 1907 aka sake tona wasu a 1992, kayan da aka ciro aka kai su birnin Mainz a Jamus aka bincika, aka samu zinariya da wuri da duwatsun ado da kwanon ƙarfe wanda ƙirar ƙasashen Gabas ne, kaburburan kuma sun kama daga ƙarni na 13 zuwa na 16. Kaga kenan a daidai lokacin da mai zanen Mayoka bai san da Katsina ba, manyan yankin suna amfani da kayan da suka ratso hamada. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai inji tsigar jikina ta tashi, kuma sai inji takaicin yadda yaranmu ke gama sakandare basu taɓa jin sunan wurin ba.

Sunayenmu sun cika taswirorin Turawa ne bayan 1550, lokacin da aka buga littafin Hasan al-Wazzan (wanda suke kira Leo Africanus) mai bayanin ƙasashen Afirka a birnin Banis na Italiya, daga nan zaka fara ganin Cano da Casena da Zegzeg da Zanfara da Guber jere a bakin kogin Kwara da suka zana yana gudu yamma, wanda kuskure ne da suka yi ta kwafa daga juna har sai da matafiyin Birtaniya Mungo Park ya ga Kwara da idonsa a Segu ta ƙasar Mali ta yau a 1796 tana gudu gabas. Mu ma fa muna da tamu, a 1824 an zana wa wani matafiyin Birtaniya mai suna Clapperton taswirar ƙasar nan a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, kuma an buga ta a Landan a 1826.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, muna haƙar rami a gona muka ci karo da tsingaro da yawa da wani kan mutum-mutumi na yumɓu. Wasu sun ce gunki ne in farfasa, wani baƙo kuma ya zo yace zai saya. Yaya zan yi? Kuma ta yaya ake sanin shekarun irin wannan abu? Daga wani manomi a kudancin Kaduna.

AMSA: Baba dan girman Allah kada ka fasa kuma kada ka sayar, sannan ku dakata da haƙar wurin. Yankinku shi ne gidan abin da ake kira al'adar Nok, tun 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da irin wannan, har a 1943 aka samu wani kai da wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi, shi ne ya ja hankalin Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, wanda daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da jami'ar Frankfurt ta yi da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya daga 2005 ya nuna mutanen nan sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba bauta masa aka ce ka yi ba Baba, shaida ce ta mutanen da suka shuɗe, Alƙur'ani ma a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance.

Maganar shekaru kuwa ita ce dalilin da yasa nace ku bar haƙa. Duk abu mai rai yana ɗaukar wani sinadari da ake kira kabon 14, da ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa na tafiya duk bayan shekara 5,730, to in aka auna abin da ya rage a gawayi ko ƙashi ko ƙwayar gero da ta ƙone sai a lissafa yaushe abin ya mutu. Da haka aka gane kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafulatani makiyayi ya samu yana haƙar rijiya a jihar Yobe ta yanzu a 1987, ya kai wajen shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, ba a samu kwalekwalen da ya girme shi ba a duk Afirka. Kan yumɓun naka ba a auna shi da kabon, gawayin da ke kwance kusa da shi da zurfin da aka same shi su ne ke faɗin labarin, in aka zaro shi aka watsar da ƙasar to rabin ilimin ya tafi har abada.

Shi kuma baƙon nan kuɗin da zai baka bai kai komai ba a kan abin da za a sayar da shi a waje, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun hukuma. Kayan Nok da na Sakkwato da Katsina da na Bura a Nijar duk suna cikin jerin da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000 na kayan da ake yawan sacewa. Ka sa yaro ya ɗauki hoton ramin da waya yadda yake, ka rufe wurin da zana ko buhu saboda ruwan sama, ka sanar da mai gari, sannan a kai rahoto gidan tarihi na Kaduna ko na Jos, ko sashen binciken kayan tarihi na jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Tsingaron ma kada yara su kwashe, zanen da ke jikinsa yana cikin abin da masu binciken za su fara dubawa.