Ba'a ga mai rawani daban, ba'a ga addini daban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko marubucin da ya yi wa malami ba'a a labari ya taɓa addini ke nan. A ganina a'a. Duba Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 tare da Shaihu Umar na namu Tafawa Ɓalewa. A cikin Ruwan Bagaja, taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sun sha yi wa juna da mutanen gari wayo, ga aljannu, ga ruwa mai warkar da cuta, amma har gobe malamai na karanta shi suna ƙyalƙyata dariya. Mai cin abinci da rawani ake yi wa zambo, irin mai sayar da laya da lasifika a kasuwar Wunti ta Bauchi, yana rantsuwa tana maganin bindiga.

Labaran Turawa ne ke wuce gona da iri. A littafin Small Gods na Terry Pratchett, na 1992, abin bauta ya koma kunkuru don masu imani da shi sun ƙare, saura mutum ɗaya. Can ɗan Adam aka ɗora sama da abin bautarsa, kuma wannan kam mai karatu a Bauchi ba zai haɗiye ba.